Babi Na Huɗu: Shin Jini Yana Ba Da Labarin Hawan Jini Kafin Ya Zo?

"Mahaifina shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, yayana ma ga shi yana kan magani. Babu wani gwaji da za a yi mini a gane ko ni ma ina kan hanya?" Duk ma'aikacin lafiyar da ya daɗe a ƙasar Gumel ya sha jin irin wannan tambaya, kuma yawanci mai yin ta bai kai shekara 40 ba. Wani malamin makaranta ne a cikin garin Gumel, wani dillalin dabbobi ne da ba ya fashin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wata kuma matar aure ce daga Gagarawa ko Sule Tankarkar da aka ce mata jininta ya ɗan hau a cikin da ya wuce. Dukansu garau suke jin jikinsu. So suke a ɗebi jini a sirinji, a kai ɗakin gwaji, a dawo musu da takardar da za ta ce e ko a'a.

Tambayar tana kan hanya, domin masana sun shafe shekaru suna yi wa kansu ita. Amsar ce ba ta zo yadda ake so ba, kuma sai an bi ta daki-daki.

Me ya sa ake son a sani da wuri

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, ta ce masu hawan jini a duniya sun ninka tsakanin 1990 da 2019, daga miliyan 650 zuwa biliyan 1.3, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A Najeriya, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai uku. Ana cewa mutum yana da hawan jini idan awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a ranaku daban-daban, ba a zama ɗaya ba.

Ɓarnar hawan jini ta shekaru ce. Wanda ya kamu yana ɗan 65 da wanda ya kamu yana ɗan 32 ba ɗaya suke ba, ko da lambar awonsu ta zo daidai. Na biyun zuciyarsa da ƙodarsa da jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa za su yi shekara talatin suna ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsu kafin ya kai shekarun na farkon. Shi ya sa ake ganin magidanci ɗan 45, ga 'ya'ya ƙanana, ga gona, ya faɗi da rana tsaka, ko a ce sai an fara yi masa wankin ƙoda. Da za a iya ware irin waɗannan mutane tun suna samari, da an rage zawarawa da marayu da yawa.

Shamuwa da damina

Manomin ƙasar Gumel ba ya jiran sanarwar rediyo kafin ya san damina ta kusa. Idan ya ga shamuwa ta sauka tana ɗaukar kirare zuwa kan bishiya, sai ya fara gyaran gona. Amma ya san abu biyu. Ya san shamuwa ba ta faɗa masa ranar da ruwan shuka zai sauka, wata shekarar ma takan zo ruwa ya yi jinkiri. Ya kuma san ba ita ke kawo ruwan ba, don haka korar ta ba za ta hana damina ba, tara ta kuma ba zai jawo hadari ba.

Abubuwan da likitoci ke nema a cikin jini haka suke. Sinadarai ne da yawansu ko ƙarancinsu ke tafiya tare da wata cuta, har a riƙa ɗaukar su alama. Kowace alama kuwa sai an yi mata tambayoyi biyun nan na manomi: yaya ƙarfin hasashenta yake, sannan ita ce ke haddasa cutar ko rakiya kawai take yi mata? Yawancin ruɗanin da ake samu a kan gwaje-gwajen jini daga haɗe tambayoyin nan biyu yake tasowa.

Abin da aka gano a Framingham

Akwai wani ƙaramin gari a jihar Massachusetts ta Amurka mai suna Framingham. Tun 1948 likitoci ke bibiyar mutanensa, suna auna su lokaci bayan lokaci, daga iyaye aka koma kan 'ya'ya, daga 'ya'ya aka koma kan jikoki. Kaso mai yawa na abin da duniya ta sani game da ciwon zuciya da hawan jini daga wannan gari ya fito.

A 2004 masu binciken suka wallafa sakamakon bibiyar mutum 1,688 waɗanda ba su da hawan jini. An auna musu wani sinadari mai suna aldosteron, wanda wasu ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙoda ke fitarwa, aikinsa kuma shi ne ya umarci ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Bayan shekara huɗu, waɗanda nasu ya fi yawa sun fi waɗanda nasu ya fi ƙaranci kamuwa da hawan jini da kusan ninki ɗaya da rabi. A 2007 aka faɗaɗa neman. Aka auna alamomi tara a jikin mutum 1,456, aka jira kimanin shekara uku. Uku ne kawai suka tsaya da ƙafarsu: CRP, wanda hanta ke fitarwa idan akwai kumburi ko wata cuta a jiki, da PAI-1, wanda ke da hannu a daskarewar jini, sai kuma furotin ɗin albumin da ke tsiyaya cikin fitsari. Na ukun ma, kamar yadda mai karatu ya lura, ba a jini ake ganin sa ba.

CRP ya yi tashe sosai a wancan lokaci. Daga baya da aka duba mutanen da suka gaji yawan CRP daga iyayensu, sai aka ga gadon bai sa jininsu ya fi na kowa hawa ba. Ashe ɗan rakiya ne. Ƙiba da shan taba da rashin motsa jiki su ne ke ɗaga shi, su ne kuma ke ɗaga jinin.

Labarin yurik asid

Wannan alama ta fi sauran tsufa. A shekarun 1870, a asibitin Guy's da ke Landan, akwai wani matashin likita mai suna Frederick Akbar Mahomed, jikan wani Ba'indiye da ya yi ƙaura zuwa Ingila. Tun kafin a ƙirƙiro abin awon da ake ɗaurawa a dantse, wanda sai a 1896 Riva-Rocci ya fito da shi a Italiya, Mahomed ya gane cewa jini yakan hau a jikin mutumin da ƙodarsa ba ta riga ta nuna lalacewa ba. Ya kuma lura da yawa daga cikin irin waɗannan mutane sun fito daga gidajen da ake fama da ciwon gaɓɓan nan mai kama babban yatsan ƙafa, wanda taruwar yurik asid ke kawowa. Zazzaɓin taifot ya kashe shi a 1884 yana ɗan shekara 35, maganar kuma ta daɗe a kwance.

Yurik asid dattin da jiki ke samarwa ne idan ya narkar da wasu abinci, musamman jan nama da kayan ciki irin su hanta da ƙoda, da giya, da kuma lemon kwalba mai yawan sukari. Ƙoda ce ke fitar da shi. A 2008 wani likitan yara a birnin Houston, Daniel Feig, ya ɗauki matasa 30 da aka gano suna da hawan jini kuma yurik asid ɗinsu ya yi yawa, ya ba su allopurinol, maganin da ke rage shi. Jinin 20 daga cikinsu ya sauko daidai a lokacin da suke shan maganin. Duniyar likitoci ta ɗauka an kama ɓarawo. Amma mutum 30 ba su da yawa, kuma da aka sake irin wannan gwaji a jihar Alabama a kan matasan da suka balaga, sakamakon da aka wallafa a 2021 bai nuna jinin ya sauka ba.

Inda maganar ta tsaya ke nan a yau. Yaro ko saurayin da yurik asid ɗinsa ya yi sama ya cancanci a sa masa ido. Amma babu wata hukumar lafiya da ta ce a ba mai lafiya allopurinol don kada jininsa ya hau, kuma wanda ya je kyamis ya saya da kansa ya jefa kansa cikin haɗari, don maganin yakan jawo wa wasu mummunan saɓewar fata.

Ƙoda, inda maganar ta fi shafar mu

Idan akwai gaɓar da ya kamata mutumin Arewa ya kula da ita a wannan babi, ƙoda ce. Tsakaninta da hawan jini kowa na iya jawo kowa: jini idan ya hau yana lalata ƙoda, ƙoda idan ta lalace tana ɗaga jini. A wajen matasa kuwa, ciwon ƙoda yana sahun gaba cikin dalilan da ke sa jini ya hau tun ba a kai ko'ina ba. Gwajin kiriyatinin a jini yana nuna yadda ƙoda ke tace datti, gwajin fitsari kuma yana nuna ko ta fara zubar da furotin. Duka biyun gwaje-gwaje ne da aka saba yi a manyan asibitocin gwamnati irin na Gumel, ba sai an je Dutse ko Kano ba.

Akwai kuma wani abu da aka daɗe da sani game da baƙar fata, a Afirka da wajenta. Da yawa daga cikin masu hawan jini a cikinmu, sinadarin renin da ƙoda ke fitarwa ƙasa yake a jininsu, alamar jiki ya riƙe gishiri da ruwa fiye da kima. Wannan yana da tasiri a kan maganin da zai yi aiki. A 2019 aka wallafa wani babban gwaji mai suna CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, da marasa lafiya 728. An gano haɗin magani biyu da ke ɗauke da amlodipine ya fi wanda babu shi saukar da jini. Wannan bincike ne da aka yi a kanmu, ba aro aka yi ba.

A cikin kowane masu hawan jini ɗari kuma, akwai biyar zuwa goma da matsalarsu aldosteron ce ta yi yawa, cutar da Jerome Conn ya bayyana a Michigan a tsakiyar shekarun 1950. Irin waɗannan za su yi ta shan magani kala uku jini ya ƙi sauka, alhali akwai maganin da ya dace da su, wasu ma tiyata ke raba su da ciwon. Auna renin da aldosteron yana da tsada, sai a manyan ɗakunan gwaji na birane. Amma sau da yawa gwajin fotashiyam mai araha yakan tona asirin, domin yakan yi ƙasa a jinin wasu daga cikin masu wannan cuta. Matashin da jininsa ya hau, fotashiyam ɗinsa kuma ya faɗi ba tare da gudawa ko maganin sa fitsari ba, likita ne ya kamata ya tura shi gaba.

Lissafin Amurka a ƙasar Gumel

Ko da alamomin nan sun fi haka ƙarfi, da sauran rina a kaba. Mutanen Framingham kusan dukansu Turawa ne, a ƙasa mai sanyi, babu sauro mai zazzaɓi. A ɗauki CRP. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi ninki goma ko fiye. Idan aka bi ƙauyukan Sule Tankarkar a watan Satumba ana auna CRP, abin da za a samu taswirar zazzaɓi ce, babu abin da za ta faɗa game da jinin da zai hau bayan shekara biyar.

Yurik asid da kiriyatinin kuma suna hawa idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Mutumin da ya wuni a tsaye a karar shanu ta Maigatari cikin zafin Afrilu, ko mai azumi da aka ɗebi jininsa da la'asar, sakamakonsa zai bambanta da nasa na safiyar hunturu. Mai sikila yurik asid ɗinsa yakan yi sama saboda dalilin da bai shafi hawan jini ba. Mai tsargiya yakan zubar da jini da furotin a fitsari ko da ƙodarsa lafiya lau. Shi kansa lissafin da ake juya kiriyatinin da shi a gane ƙarfin ƙoda, wani bincike da aka yi a Malawi da Yuganda da Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2022, ya nuna yana kambama lafiyar ƙodar mutanen Afirka, wato yana ɓoye masu ciwo.

Aikin da ya fi kusa da amsa tambayarmu a wannan nahiya shi ne African-PREDICT, na Jami'ar North-West da ke Potchefstroom a Afirka ta Kudu. Daga 2013 aka ɗauki matasa 1,202 masu shekara 20 zuwa 30, baƙaƙe da farare, duk masu lafiya, aka adana jininsu da fitsarinsu, ana sake auna su bayan kowace shekara biyar don a ga wa zai kamu, kuma me jininsa ya nuna tun farko. Irin wannan aiki haƙuri yake so da kuɗi. A ganina, jami'o'inmu na Dutse da Kano sun isa su yi makamancinsa, kuma masarautar Gumel wuri ne da ya dace, ga manoma, ga makiyaya, ga 'yan kasuwa, ga ma'aikata masu zaman ofis, duk a ƙananan hukumomi huɗu da ke maƙwabtaka.

Mai ciki: inda gwajin ya yi rawar gani

Wuri ɗaya ne gwajin jini ya cika alkawari sosai, shi ne hawan jinin masu ciki, wanda idan ya ƙazanta yake kaiwa ga jijjiga, abin da wasu ke kira taune-taune. Wannan ciwo yana cikin manyan masu kashe mata wajen haihuwa a Arewa, kuma yana cikin abubuwan da ke cika ɗakin haihuwa na asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin Na Gari Na Kowa ke aiki tun 2008.

Tushen ciwon a mabiyiya yake. Idan ba ta samu isasshen jini ba, sai ta riƙa sakin wani sinadari mai suna sFlt-1 da yawa, wani kuma mai suna PlGF ya ragu, tun makonni kafin ƙafa ta kumbura ko kai ya fara sarawa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa idan aka raba na farkon da na biyun lissafi bai wuce 38 ba, fiye da mata 99 cikin 100 ba za su kamu ba a mako mai zuwa. A nan alamar tana da hannu dumu-dumu a cikin ciwon, shi ya sa hasashenta ya yi ƙarfi. Asibitocin Ingila suna amfani da gwajin, Amurka ma ta amince da irinsa a 2023.

Matar ƙauyen Gagarawa ba za ta samu wannan gwaji a asibitin sha-ka-tafi ba. Abin da za ta samu shi ne awon ciki, inda za a auna jininta a duba fitsarinta a kowane zuwa. Idan cikin fari ne, ko tagwaye, ko ta taɓa yin jijjiga, ma'aikatan za su fi sa mata ido, wasu a ɗora su a kan ƙaramin asfirin da sinadarin kalsiyam. Wadda kuma jininta ya taɓa hawa da ciki, ko da ya sauka bayan haihuwa, ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da hawan jini na dindindin tun da ƙuruciya. Tarihin nan nata ya fi duk wani gwaji faɗin gaskiya, kuma mata da yawa ba a taɓa gaya musu ba.

Alamar da ta fi kowace ƙarfi

A koma Framingham. A 2001 aka duba mutanen da ba su kai shekara 65 ba kuma ba su da hawan jini, aka raba su bisa awonsu na ranar farko. Bayan shekara huɗu, cikin waɗanda awonsu bai kai 120 bisa 80 ba, kimanin 5 cikin 100 ne suka kamu. Cikin masu 120 zuwa 129, kusan 18 ne. Cikin masu 130 zuwa 139 kuwa, 37 ne. Tsakanin rukunin farko da na ƙarshe ninki bakwai ke nan, a kwatanta da ninki ɗaya da rabi na aldosteron. Da masu binciken suka zo haɗa ma'aunin hasashen hawan jini a 2008, abubuwan da suka sa a ciki su ne shekaru, jinsi, awon jini na yanzu, nauyi gwargwadon tsawo, shan taba, da ko iyaye suna da shi. Babu ɗigon jini ko ɗaya. A 2017 kuma suka nuna cewa wanda ɗaya daga cikin iyayensa ya kamu da wuri haɗarinsa ya ninka biyu, wanda duka biyun suka kamu da wuri nasa ya haura ninki uku.

Saboda haka mai tambayar nan da mahaifinsa ya shanye, yayansa kuma ke kan magani, ya riga ya riƙe rabin amsarsa. Sauran rabin yana cikin na'urar da ake ɗaurawa a dantse, wadda ake samu a ƙananan asibitoci da kyamis da yawa. Sai dai a yi awon yadda ya kamata. A zauna a huta minti biyar, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba a ci goro ko an sha taba ko shayi mai kauri ba cikin rabin sa'ar da ta wuce. A auna sau biyu, a rubuta a takarda da kwanan wata. Wanda ya samu ƙasa da 120 bisa 80 ya sake bayan shekara. Wanda ya faɗa tsakanin 130 da 139 shi ne mutumin da wannan babi ke nema, kuma kada ya bari wata shida su wuce bai sake ba.

Gwajin jini yana shigowa ne bayan wannan. Duk wanda bai kai 40 ba aka tabbatar jininsa ya hau, ya nemi a duba masa kiriyatinin da fotashiyam da sukari, a haɗa da fitsari. Ya kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha, domin ƙwayoyin ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen da leburori da manoma ke haɗiya kullum suna ɗaga jini suna cin ƙoda, haka ma ƙwayoyin sa ƙiba da wasu mayukan bilicin. Idan kuwa wani ɗakin gwaji ya ce a kawo dubban nairori zai auna alamomi ashirin ya faɗi ko jini zai hau nan gaba, gara a sayi na'urar awo da kuɗin a ajiye a gida, kowa ya amfana har maƙwabta.

Saura tambayar da mai 135 bisa 85 zai yi da zarar an kwance masa na'ura: to yanzu me zan yi kada ya ƙarasa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A ƙasar da ta daɗe a kan hanyar fataken gishiri da kanwa daga Manga, inda tukunya ɗaya ke karɓar gishiri da dunƙule da kanwa a lokaci guda, mai jego kuma a dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in, wannan lissafi yana buƙatar babi nasa. Babi na biyar zai shiga madafa.